Gyaran Muryar Ladanin New Bell

Tun da na dawo daga Duwala ba a bar ni na huta ba. Duk wanda ya biyo ta shagon Malam Garba mai littattafai, inda muke zama bayan la'asar, sai ya tsaya ya tambaye ni yadda Kamaru take, ko da gaske ne ruwan sama ba ya ɗaukewa, ko littattafan da na kai sun ƙare. Ni kuwa sai in kawo maganar kifi ko ta jirgin ƙasa, a yi dariya a watse. Na gaji da ba da rabin labari. Ga shi nan duka, har da wurin da ba na jin daɗin faɗa.

Kun san ni, karatuna bai yi nisa ba. Firamare na gama, na koyi tafireta, ina buga wa mutane takardun koke a bakin kotu a nan Zariya. Tsakanin wannan takarda da waccan na rubuta ɗan littafina na fataken zamanin da, labarin Madugu Jatau da ya ɗauki ayari daga Kano ya nufi kurmi neman hauren giwa. Rabin abin da ke ciki daga bakin wani tsoho mai gyaran takalmi na ji shi, wanda daga baya aka gaya mini ko Lokoja bai taɓa wucewa ba. Sauran rabin ni na ƙaga.

A tsakiyar littafin akwai wani gajeren mutumin kurmi da Madugu ya kama ya ɗaura masa igiya a ƙugu don ya nuna wa ayari hanya. Na sa masa suna Kututture. Ba ya magana, sai wani kuka. Yana cin ɗanyen nama, yana satar gishiri, har na rubuta cewa zai iya ba da ɗansa a kan gishiri cikin tafin hannu. Lokacin da na rubuta haka ban taɓa ganin irin mutanen ba ko a hoto. Wurin dariya nake nema a tsakiyar doguwar tafiya, na kuwa samu.

Da naira ta faɗi, mutane suka koma neman na tuwo, littattafan suka zauna a ƙarƙashin gado har gara ta fara leƙa su. Wani direban babbar mota ya ce mini Hausawa sun cika Duwala, kuɗinsu na sefa yana da ƙarfi, kuma ai labarin nawa a ƙasarsu ya ƙare. Ya ba ni sunan wani Alhaji Tanko a unguwar New Bell. Matata ta yi mini dambun nama, ta ce kada in daɗe. Na ɗaure kwali guda da igiya na kama hanya.

Daga Zariya zuwa Mubi ba abin faɗa, sai zafi da faci. A kan iyaka ne aka fara. Ashe a lokacin ƙasar tasu a hargitse take, ana ta rikicin siyasa, duk takardar da aka gani ana zargin ta 'yan adawa ce. Wani jandarma, ɗan sandansu na kan iyaka, ya yanke igiyar kwalina, ya ɗauki littafi ɗaya yana juyawa. Ba ya jin Hausa, ni ba na jin Faransanci. Wata Bafillata mai kai atamfa Garwa, wadda muka taho mota ɗaya, ta shiga tsakani.

"Ya ce ka karanta masa, in fassara. Ka zaɓi wuri mai daɗi, ɗana, rana tana yi."

Na buɗe wurin da Kututture ya faɗa cikin buhun gishiri, ƙafafunsa a sama. Ina karantawa tana mayarwa da Fillanci. Jandarman ya yi dariya har ya dafa motar. Ya riƙe kwafi ɗaya, ya ce mu wuce. A cikin mota na riƙa jin kaina kamar wani babban mutum. Abin da na koya a wurin, wanda da ban koya ba ya fi mini, shi ne Kututture yana buɗe ƙofa.

A Garwa na fara sanin ni baƙo ne. Kowa Fillanci yake yi, har mai shayi, kuma burodinsu dogo ne kamar sanda, mutum ya saƙala shi a hammata yana tafiya, ba leda ba takarda. Daga Ngaundare jirgin ƙasa muka shiga. Ban sami kujera ba, a kan kwalina na zauna har Yawunde. A kowace tasha mata suna miƙo kaya ta taga, zuma da ayaba da wani dogon abu naɗe da ganye da zare. Na saya, na gatsa da ganyen. Wata yarinya da ke gabana ta ɓoye fuska a zanen uwarta. Uwar ta karɓa ta warware mini, ta ce sunansa bobolo, rogo ne. Yana da tsami da danƙo, kuma yana zama a ciki kamar dutse. Daga baya na saba da shi, don shi ne mai araha.

Motar da ta ɗauko mu daga Yawunde ba ta shiga Duwala ba. A wani wuri da suke kira PK 14, wai da lambar kilomita aka sa masa suna, direba ya tsaya ya ce kowa ya sauka. An tare hanya da tayoyi, yau gari a mace yake. Haka suke cewa, mataccen gari: daga Litinin zuwa Juma'a ba kasuwa, ba tasi, ba ofis, wanda ya buɗe shago ya kuka da kansa. Sai samari masu babura, da suke kira bensikin, su ne kaɗai ke ratsa lunguna. Na hau bayan ɗaya da kwali a ka. Ba mu yi nisa ba ruwa ya sauko, irin wanda a nan idan aka yi shi sau ɗaya za a shekara ana labari. Kafin mu kai New Bell kwalin ya zama kamar tuwon da ya kwana.

New Bell gidajen katako ne a manne da juna, kwata a ko'ina, an gitta katako a kai ana takawa. Amma ka ji ƙamshin tsire, wanda su suke kira soya, ka ji ana sallama da Hausa, sai ranka ya ɗan kwanta. Alhaji Tanko dattijo ne mai jiki, a nan aka haife shi, a nan aka haifi ubansa. Da na ambaci sunan direban bai ƙara tambayata komai ba, ya sa aka kawo ruwa. Al'adarsu ke nan har yanzu, baƙon da ya zo da sunan wani ba ya kwana a waje. Da na huta na miƙa masa littafi ɗaya da bai jiƙe sosai ba. Ya juya shi gaba da baya, ya miƙa wa ɗansa Abdu, wanda ya yi aikin akawu a wani kamfani kafin a sallame su. Abdu ya gwada layi biyu yana tuntuɓe, ya ajiye.

"Malam, wa ya aiko ka da wannan?" in ji Alhaji. "Mu nan tsofaffi ajami muka sani, yara kuma Faransanci. Hausa a baki take a wurinmu. Wannan bokon naku ba mai cinsa."

Abdu ya ce, "Ashiya, Misye." Wato sannu, malam. Ita ce kalmar farko da na koya a garin, kuma na ji ta da yawa.

Aka ba ni masauki a ɗakin da ke jikin ƙaramin masallacin lungun, tare da ladan. Da ya buɗe ƙofa sai na tsaya da jakata a hannu. Dattijo ne, gemunsa ya yi fari, farar hula, riga wankakkiya, kuma kansa bai wuce ƙirjina ba. Ban taɓa ganin mutumin kurmi ba, amma na san shi nake gani. Na daɗe ina kallo fiye da yadda ya kamata. Ya yi gyaran murya, gajeru biyu da doguwa ɗaya, sannan ya ce:

"Kalle ni ka gama, baƙo, sannan ka cire takalmi. Yanzu na yi shara."

Malam Isa ke nan. Kada ku ɗauka waliyyi ne. Yana da rowar kananzir, fitila ba ta minti biyar bayan isha'i. Yana munshari kamar injin niƙa. Idan ana ƙwallo a rediyo ba a yi masa magana, kuma in aka ci ƙungiyarsa har ni sai na sha faɗa. Miyarsa ba gishiri ko kaɗan, don likita ya hana shi saboda hawan jini, kuma bai ga dalilin da zai sa a sayi gishiri saboda baƙo ba. Na yi ƙorafi sau ɗaya, ya ce wanda ya zo da kwalin takarda maimakon kwalin abinci ba shi da bakin magana.

Amma shi ne ya kwashe littattafan nan ya shimfiɗa su a tabarmin masallaci tsakanin azahar da la'asar, yana buɗe shafi ɗaya-ɗaya don kada su manne. Bai iya karanta boko ba. Ya tambaye ni abin da ke ciki, na ce labarin fatake ne. Ya ce wata rana in karanta masa. Na ce to.

Ba zan iya kwatanta muku kaɗaicin makonnin nan ba. Gari a rufe, ruwa ba ya tsayawa, ba wanda na sani. Asabar da Lahadi in ɗauki littattafai in zaga kasuwa, a karɓa a duba hoton bango a mayar mini. Sauran kwanaki ina zaune a bakin ƙofa ina kallon ruwa yana tafiya da bawon ayaba. In na tuna 'ya'yana sai in shiga ɗaki in kwanta da rana tsaka. Mutum ɗaya nake ci da shi a kwano ɗaya, shi nake yi wa magana, shi ke yi mini.

A haka na ji labarinsa, guntu-guntu. A kurmin kudu aka haife shi. Wani Bahaushe mai sayar da magani ya karɓe shi wurin ubansa yana ƙarami, wai ya riƙe masa jaka na damina ɗaya. Ya taho da shi New Bell, ya sa shi makarantar allo, bai mayar da shi ba. Yarensu ya ɓace masa, sai wata 'yar waƙa da ba ya sanin ma'anarta. Shekaru masu yawa ba wanda ke kiransa da sunan da aka raɗa masa, sai wata kalmar Faransanci da ake kiran gajerun kurmi da ita. Sai da ya sauke Alƙur'ani, ya yi shekaru yana share masallaci, tsohon ladan ya rasu aka ba shi lasifika, sannan a hankali aka koma cewa Malam Isa. An ba shi makullin masallaci, ba a taɓa ba shi mata ba. Wannan bai faɗa da bakinsa ba, ni na lura.

Gyaran muryar nan tasa kuwa duk lungun an san ta. Kafin ya ce komai sai ya yi ta, har a lasifika. Matan gidan Alhaji sun ce da ita suke sauke tukunya, don in an ji ta an san kiran salla ya zo.

Abdu ne ya kawo shawarar kaset. Yana da rediyo mai cin kaset biyu, ragowar lokacin da yake da albashi. Ya ce tun da mutane suna zaune ba aikin yi, in riƙa karantawa a barandar Alhaji bayan la'asar, shi ya ɗauka, mu sayar. Ranar farko baranda ta cika. Na karanta yadda aka ɗaure kaya a Kano, da sunayen jakuna, da addu'ar da liman ya yi wa ayari. Rana ta biyu aka ragu. Rana ta uku wani tsoho ya yi barci har hularsa ta faɗi. Abdu ya kashe rediyo ya ce:

"Misye, gaskiya ba ya tafiya. Jakunan nan sun yi yawa. Ba wani wuri mai ɗan yaji?"

Akwai, kuma na san inda yake.

A nan nake so ku karanta a hankali, don kada wani ya ce kuskure ne. Washegari da na buɗe babin, na ga Malam Isa. Yana zaune a ƙarshen baranda da butarsa, yana jiran magariba, ya zo jin labarin fataken da na yi masa alkawari. Ina iya tsallake shafukan, ba wanda zai sani, tun da ba mai iya karantawa sai ni. Na dubi mutanen da suka rage, na tuna dariyar jandarma, na ci gaba.

A Zariya mai karatu da ido yake karantawa, Kututture ba ya bukatar murya. A baranda kuwa dole in ba shi. Da na zo wurin da Madugu ya ja igiya ya tambaye shi hanya, sai na nemi yadda mutumin kurmi zai yi, kuma mutumin kurmi ɗaya na sani a duniya. Na yi gyaran murya, gajeru biyu da doguwa ɗaya.

 Sai baranda ta fashe da dariya. Wani ya faɗo daga benci. Tsohon da ya yi barci jiya yana share hawaye. Duk idanu suka juya ƙarshen baranda. Malam Isa ma ya yi 'yar dariya, irin ta wanda aka taka a cikin taro. Ni kuwa da na ga abin ya karɓu, sai na maimaita. Duk inda Kututture ya fito a babin nan, sai na yi ta. Rediyon Abdu yana juyawa.

Da lokaci ya yi ya tashi da butarsa. Muna wurin alwala lasifika ta buɗe, gyaran muryar ta fito kamar kullum. Yara suka kwashe da dariya a lungu. Manya ma wasu suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa, ana kiran sunan Allah a sama.

Kaset ɗin ya tafi kamar wutar daji. Kwana kaɗan aka fara jin sa a shagon aski da wurin masu soya. Masu bensikin suka kai shi har unguwar Bepanda. Wasu ma'aikatan ofis a unguwar Bali, jikokin Hausawa da Hausarsu ta fara tsufa, suka aiko a zo da ni. Na ci miyar ganyen ndole da jatan lande a gidan mai kujerun fata, aka ce in yi muryar, na yi. Ni da na yi makonni ba mai kallona, yanzu in na wuce ana cewa ga marubuci. Ban daina nan da nan ba. Wannan ma ku rubuta a kaina.

A lungu kuwa sunan ya kama. Yara suna bin sa daga nesa suna cewa Kututture, suna gyaran murya. Wata rana bayan azahar ya fito daga masallaci ya tarar an cika masa takalmi da gishiri. Bai yi faɗa ba. Ya juye shi a gwangwanin madara, ya kawo ɗaki. Da muka zauna cin abinci ya ɗebo ya barbaɗa a gefena na kwanon.

"Kai ka ce miyata lami ce. Ga shi littafinka ya sayo maka."

Na ci. Ban san abin da zan yi ba in ban ci ba.

Da muka wanke hannu na ce masa wasa ne, irin wanda ke tsakanin Fulani da Barebari, ba wanda ke riƙe shi a zuci.

"In Bafillace ya tsokani Babarbare, Babarbare yana ramawa," in ji shi. "Naka mutumin me ya ce?"

"Ba ya magana."

"To."

Ya ɗauki tsintsiya ya share inda muka ci. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ban ji ƙarshen ba. Da suka fita daga kurmin, Madugun naka ya mayar da shi gida?"

Na yi ta tunani. Wallahi sai a lokacin na gane cewa daga shafin da ayari ya fita kurmi ban ƙara ambatar Kututture ba. Ban kashe shi ba, ban sake shi ba, ban kwance igiyar ba. Mantawa na yi da shi, don aikinsa ya ƙare.

"Ban rubuta ba," na ce.

"A nan ka yi daidai. Ba a mayarwa."

Daga ranar na fara ƙoƙarin gyara, kuma duk abin da na taɓa sai ya ƙara lalacewa. Na roƙi Abdu ya daina sayarwa. Ya ce ko ya daina, kowa ya kwafa daga na wani, har wani da ya zo daga Yawunde ya ce ya ji shi a can. Na je wurin Alhaji Tanko. Ya tara yaran lungu ya yi musu tsawa, ya ce duk wanda ya ƙara cewa Kututture zai gamu da shi, ya faɗi sunan har sau uku a gaban kowa. Da suka watse ya dafa ni ya ce kada in damu, Isa ɗan gida ne, ba ya fushi.

Sai na zauna na rubuta sabon babi. A ciki giwa ta taso wa Madugu, Kututture ya shiga tsakani, ya karɓi haure a ƙirji, ya yi kalmar shahada ya cika, ayari duka suna kuka. Na ji daɗin abin da na rubuta. Na karanta wa Malam Isa shi kaɗai a ɗaki, yana ɗinke maɓallin rigarsa.

"Yanzu kuma ka kashe shi don Madugu ya rayu," in ji shi. Ya ciji zare. "Ni dai ban taɓa ganin giwa ba sai a jikin kwalin ashana. In kana son ka sa ni a littafi, ka sa mutumin da ƙafarsa ke ciwo in an yi ruwa, kuma ƙungiyarsa ba ta cin ƙwallo. Amma wa zai saya?"

Duk da haka na sa Abdu ya ɗauki babin. Ba wanda ya kwafa. Abdu ya ce ba ya ba da dariya.

Abin da ya biyo baya a hankali ya zo. Da farko Malam Isa ya daina gyaran murya a lasifika. Sai ya fara kiran salla kai tsaye, muryar ta fito a shaƙe, ta karye a tsakiya. Matan gidan Alhaji suka ce tukunyarsu ta ƙone sau biyu. Bayan ɗan lokaci ya gaya wa liman ƙirjinsa yana damunsa, a ba wani yaro ɗan Marwa mai murya lasifikar. Ya riƙe shara da makulli. Da asuba yakan tashi kamar kullum, ya yi alwala, ya zauna a bakin tabarma yana jin wani yana kira. Ni ina kwance na juya fuska bango, ina yi kamar barci nake.

Ba mu yi faɗa ba. Kwanon nan ɗaya muka ci gaba da ci. Sai dai hirar ta ƙare, kuma a garin da ba ni da kowa sai shi, wannan ya fi mini makonnin farko nauyi. Masu gayyata ma sun gaji da ni, tun da kaset yana yin muryar ba sai an ba shi abinci ba.

Da na samu kuɗin mota na yi sallama da Alhaji. Ragowar littattafan na ba wa wani mai soya ya riƙa naɗe nama, ya yi godiya, ya ce takardar tana da kauri. Ranar Asabar ce, gari ya ɗan buɗe. Na ce wa Malam Isa ya zauna saboda ƙafarsa. Ya ce baƙon da ya ci kwano ɗaya da kai ba ya tafiya tasha shi kaɗai, ko ɓarawo ne. Ya karɓi jakata ya shige gaba, muka bi ta kan katakan kwata, yana ɗingishi.

A tasha na ce, "Malam, ka yafe mini."

"Na yafe tun ranar. Ka gaida iyali. In ka isa ka sayi gishiri da yawa, ka rama."

Na shiga mota na zauna ta taga. Yana tsaye yana jiran mu tashi, kamar yadda ake yi. Hadari ya haɗo. Sai wani saurayi mai bensikin ya tsaya a bayansa, ba da mugunta ba, har da ladabi a muryarsa, ya ce:

"Baba Kututture, gida za ka? Hau in sauke ka, ruwa zai sauko."

Na ɗauka zai yi kamar bai ji ba, yadda yake yi wa yara. Ya ɗan tsaya. Ya dubi sama, ya dubi ƙafarsa. Sannan ya juya ya ce, "Na'am, ɗana."

Ya hau, ya riƙe hularsa da hannu ɗaya. Bai waiwayo ba. Motarmu ba ta tashi ba sai bayan ruwan ya sauko.

Hanyar dawowa ita ce ta zuwa, ba abin da zan ƙara. A kan iyaka jandarman nan ya gane ni, ya yi dariya ya kwatanta ƙafafu a sama da yatsunsa, ya ce in wuce ba tare da ya buɗe jakata ba.

Makon jiya Malam Garba ya ce mini masu karatu suna tambayar kashi na biyu, kuma in ƙara wa Kututture wuri, don shi aka fi so. Na ce masa tafiretar tana bukatar gyara. Lafiyarta ƙalau.

Wannan shi ne labarin Duwala. Abu ɗaya nake roƙo. Cikinku akwai direbobi da masu kai kaya kudu. Duk wanda Allah ya kai shi New Bell, ya nemi ƙaramin masallacin da ke lungun Alhaji Tanko. Zai ga wani dattijo yana shara. Kada ya ce ni na aiko shi, kada ya kai masa komai. Ya tsaya daga bakin lungu, inda yara za su ji, ya ɗaga murya ya ce, salamu alaikum, Malam Isa.